Maki 70 a hannu, 54 a kwamfuta: yadda wata ɗaliba 'yar Daura ta ƙwato gurbinta na jami'a

Asalin lamarin: Janairu zuwa Oktoba 2023

Yarinyar da wannan nazari ya shafa 'yar cikin garin Daura ce, shekarunta 18 a lokacin, ta gama sakandaren kimiyya a 2023. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙaramar sakandare, don haka baffanta, mai sayar da hatsi a kasuwa, shi ke ɗauke da nauyin karatunta. Mahaifiyarta tana ɗinki a gida. A farkon 2023 ta cike fom ɗin JAMB, ta zaɓi karatun harhaɗa magunguna a wata jami'ar tarayya da ke wata jiha ta Arewa, wadda Katsina ke cikin jihohin yankinta.

A jami'o'in tarayya, ƙa'idar rabon gurbi kashi uku ce: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Ke nan yarinyar tana da ƙofa uku da za ta iya shiga. Tun 2017 kuma, duk gurbin da za a bayar sai ya bi ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB. Jami'a ce ke ɗora jimillar makin kowane ɗalibi, manhajar ta jera su daga sama zuwa ƙasa, jami'a ta miƙa sunayen da ta zaɓa, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Amfanin tsarin shi ne ba a tsallake mai maki da yawa a ɗauki na ƙasa da shi ba tare da hujja ba. Amma manhajar da lambar da aka ba ta take aiki. Idan aka ɗora mata 54, a wurinta 54 ne.

A ƙarshen Afrilu ta rubuta jarrabawar JAMB, ta ci 264 cikin 400. A Satumba ta zauna jarrabawar tantancewa ta jami'ar, ta samu 70 cikin 100. Sanarwar jami'ar ta bayyana yadda za a haɗa maki: kashi 50 daga JAMB, 30 daga tantancewa, 20 daga darussa biyar na sakandare, wato Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Masu jiran sakamakon sakandare kuma an ba su zuwa 31 ga Oktoba su ɗora shi.

Sakamakon NECO ya fito a Oktoba. Ranar 16 ga wata ta hau mota zuwa Katsina, ta ɗora sakamakon a wata cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita, ta kuma ɗora shi a shafin jami'ar a ranar. An buga mata takardun shaida biyu masu kwanan wata, ta kai wa mahaifiyarta ta adana. Lissafinta ya tsaya haka: 33 daga JAMB, 21 daga tantancewa, 16 daga NECO. Jimilla 70.

Jerin sunayen farko: 20 ga Nuwamba

Ranar 20 ga Nuwamba jami'ar ta fitar da sunayen farko tare da mafi ƙarancin makin kowane kashi a wannan kwas: 72 ga cancanta, 66 ga jihohin yanki, 63 ga kashi na uku. Sunanta ba ya ciki. Shafinta na CAPS bai nuna komai ba, shafin jami'ar kuma ba ya nuna wa ɗalibi jimillar makin da aka rubuta masa. Wata ƙawarta 'yar ajinsu mai jimillar 67 ta samu gurbi.

A gida an yanke hukunci tun a daren: an sayar da gurbinta, ko an ba ɗan wani babba. Ba za a ga laifinsu ba, domin labarin irin wannan ya cika gari, kuma babu wanda ya ba su wani bayani da zai maye gurbinsa.

Neman alfarma da ɗan tsakani: ƙarshen Nuwamba

Baffan ya fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ya samo takarda daga wani mai sarauta, ya kai wa wani malami a jami'ar wanda asalinsa ɗan ƙasar Daura ne. Malamin ya karɓe shi da mutunci, ya yi alkawarin dubawa, daga baya ya kira ya ce sunayen wannan kwas sun cika, ba shi da iko a kai. Bai tambayi makinta ba, baffan ma bai kai masa takardun ba, domin a ganinsa alfarma ya je nema, ba haƙƙi ba. A ofishin ɗaukar ɗalibai kuwa, amsar da ya samu ta taga ita ce ya jira jeri na biyu.

A bakin ƙofar wannan ofishi wani mutum ya tare shi, ya ce yana da hanya. Ya karɓi naira 150,000 a kashi biyu, ya kuma nemi lambar sirrin shafin yarinyar na JAMB. Kuɗin dai an ba shi, lambar ce yarinyar ta ƙi bayarwa, saboda malaminta na Kemistiri ya sha gargaɗinsu a kai. Bayan mako biyu wayar mutumin ta daina shiga.

Tayin canjin kwas: 4 ga Disamba

Ranar 4 ga Disamba saƙo ya bayyana a shafinta na CAPS: jami'ar tana neman amincewarta a mayar da ita ilimin tsirrai. Wannan ya raba kan gidan. Baffan ya gaji, kuɗinsa sun tafi, ya ce ta karɓa. Ita kuma ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, in na danna wannan, na fita daga layin da nake ke nan." Haka abin yake. Wanda ya amince da canjin kwas a CAPS, sunansa yana barin jerin kwas ɗin farko, kuma duk wani ƙorafi da zai yi daga baya za a nuna masa cewa da hannunsa ya yarda. Malamin Kemistirin ya zo har gida ya yi wa baffan wannan bayani. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma ƙi ba, aka bar tayin yadda yake.

Kotu: 12 ga Disamba zuwa 16 ga Janairu 2024

Wani maƙwabci ya haɗa su da lauya a Katsina. Ranar 12 ga Disamba ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Katsina, ta hanyar dokokin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009. Ya dogara da sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci, da sashe na 36 na ba kowa damar a saurare shi, da sashe na 18 da ya yi maganar ilimi. Ya roƙi kotu ta tilasta wa jami'ar ta ɗauke ta, ta kuma biya diyya. Kuɗin lauya da na shigar da ƙara sun kai naira 200,000, mahaifiyar ta sayar da tumakinta biyu aka cika.

Hutun ƙarshen shekara ya shigo, ba a zauna ba sai 16 ga Janairu. Lauyoyin jami'ar ba su taɓa maganar maki ba ko kaɗan. Sun shigar da suka a kan hurumin kotun, da dalilai uku. Sun ce sashe na 46 ya tanadi a kai irin wannan ƙara babbar kotun jihar da aka tauye haƙƙin, jami'ar kuwa ba a Katsina take ba. Sun ce gurbin karatu ba ya cikin haƙƙoƙin Babi na Huɗu, sashe na 18 kuma a Babi na Biyu yake, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi. Sannan suka ce sashe na 42 ya lissafa dalilan bambancin da ya hana, wato al'umma, ƙabila, wurin asali, jinsi, addini da ra'ayin siyasa, amma takardar rantsuwar mai ƙara ba ta nuna ko ɗaya ba. Hasali ma wadda aka kawo misali da ita, mai maki 67, mace ce 'yar Daura kamar ta. Alƙali ya ɗage zama zuwa 5 ga Maris don sauraron sukar.

Ƙarar ta jawo wani abu da ba a yi tsammani ba. Daga ranar da sammaci ya isa jami'ar, duk ma'aikacin da baffan ya tunkara sai ya ce magana tana kotu, a je a ga lauyansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A tsakiyar Janairu sababbin ɗalibai suka fara ɗaukar darasi.

Sauya hanya: 22 zuwa 31 ga Janairu

Malamin Kemistirin ne ya kai su wurin wata lauya mace a Katsina, wadda ta saba da shari'o'in ma'aikata da hukumomi. Tambayarta ta farko ita ce nawa jami'ar ta rubuta wa yarinyar. Babu wanda ya sani. Wata biyu ana faɗa a kan lambar da babu wanda ya taɓa gani.

Ranar 22 ga Janairu ta rubuta wa magatakardan jami'ar wasiƙa mai shafi ɗaya da rabi. Babu zargi a ciki, babu maganar sayar da gurbi. Ta dogara da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa, ta nemi abu uku: jimillar makin da aka ɗora wa yarinyar a CAPS, yadda aka raba shi gida uku, da adadin gurbin da ya rage a kwas ɗin. Da gangan ba ta nemi makin wasu ɗalibai da sunayensu ba, domin dokar ta ba hukuma damar ƙin bayar da bayanan sirrin wani, kuma ba ta so a samu abin fakewa. Ta ƙara da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin ganin bayanansa da neman a gyara kuskuren da ke ciki. Ta haɗa kwafin sakamakon JAMB, na tantancewa, na NECO, sanarwar jami'ar mai wa'adin 31 ga Oktoba, da takardun shaidar nan biyu na 16 ga Oktoba. An kai wasiƙar hannu da hannu, aka buga wa kwafinsu hatimin karɓa. A ranar kuma yarinyar ta shigar da ƙorafi a shafin koke na JAMB da takardun iri ɗaya, ta samu lambar ƙorafi.

Daga nan aka zo kan shawara mafi wuya. Lauyar tana so a kai koke Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, take da ofis a Katsina, take kuma aiki kyauta. Amma dokar hukumar ta hana ta binciken maganar da ke gaban kotu. Sai an janye ƙarar. A ɗaya gefen kuma akwai wa'adi: dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba wata uku kacal a kai ƙarar hukuma daga ranar da abin ya faru, neman kotu ta sake duba hukuncin hukuma ma a cikin wata uku ake yinsa. Idan aka ƙirga daga 20 ga Nuwamba, ƙofar tana rufewa wajen 20 ga Fabrairu.

Baffan bai so ba. Ya ce, "Barista, dubu ɗari biyu fa muka zuba." Ta ce masa, "Alhaji, ƙarar nan ko ba a janye ta ba, da wuya ta wuce 5 ga Maris. Gara mu janye da kanmu muna da sauran kwana." Ta yi masa alkawarin shirya sabuwar ƙara, a kotun da ta dace kuma ta hanyar da ta dace, ta ajiye a shirye, in har 15 ga Fabrairu ta yi babu motsi. Ta nemi a matso da zama, ranar 30 ga Janairu aka soke ƙarar ba tare da an yanke hukunci a kan gundarinta ba, wanda ke nufin ana iya komawa. Washegari aka miƙa koke ga hukumar, tare da kwafin wasiƙar da ta cika kwana bakwai babu amsa.

Abin da aka gano: 7 ga Fabrairu

Hukumar ta rubuta wa jami'ar tana neman bayani, JAMB ma ta tura ƙorafin ga jami'in ɗaukar ɗalibai. Ranar 7 ga Fabrairu amsa ta zo a rubuce. Jimillar da aka ɗora mata 54 ce: 33 da 21, gurbin makin sakandare kuma babu komai.

Dalilin ƙarami ne. Tun 2021 JAMB ke ɗaukar sunan ɗalibi daga lambar shaidar ɗan ƙasa. A can sunanta uku ne, nata da na mahaifi da na kaka. A takardar NECO kuwa makarantarsu ta rubuta biyu, na mahaifin kuma da wani harafi daban. Da jami'ar ta zo haɗa sakamakon masu jira a farkon Nuwamba, kwamfuta ta kasa daidaita sunayen biyu, ta ware ta cikin waɗanda sai mutum ya duba da ido. Ba a duba ba kafin a ɗora maki, ba a kuma sanar da ita ba. Da 54 ta faɗo ƙasa da kowane kashi, shi ya sa ma aka yi mata tayin ilimin tsirrai. Amsar ba ta nuna an sayar da gurbi ko an fifita wani ba, waɗanda aka ɗauka da 66 zuwa 69 sun shiga ne bisa lambobin da ke cikin manhaja.

Gyara da sakamako: 8 zuwa 16 ga Fabrairu

Ta yi rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu nata ne, makarantar ta ba da takardar tabbatarwa, aka gyara jimillar zuwa 70. Sauran matsala ita ce gurbi. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, don haka shugaban jami'a ma ba ya iya ƙara kujera don tausayi. An yi dace, mutum uku daga cikin waɗanda aka ba gurbi ba su karɓa ba har wa'adinsu ya wuce. Jami'ar ta janye tayin canjin kwas, ta miƙa sunanta, ranar 16 ga Fabrairu gurbin ya bayyana a CAPS, ta karɓa, ta buga takardar JAMB. Sabuwar ƙarar ba a shigar da ita ba.

Ta shiga aji an yi mako biyar ana karatu. A zangon farko ta faɗi darasi ɗaya, ta sake shi a shekara mai zuwa ta ci. Kuɗin da aka kashe: 150,000 ga ɗan tsakani, ba a dawo da ko kwabo ba, 200,000 a ƙarar farko, wajen 60,000 na lauya ta biyu da takardu, ban da kuɗin mota.

Nazari

Abin da ya ceci wannan yarinya takardu biyu ne da aka buga ranar 16 ga Oktoba, da ƙin danna maɓallin canjin kwas. Ba don su ba, da jami'ar ta ce ta makara wajen ɗora sakamako, ko ta ce ta yarda da wani kwas, kuma babu lauyan da zai iya warware wannan.

Alfarma ta gaza ne domin wanda aka roƙa ba shi da abin da zai yi da roƙo. Da an kai wa malamin nan lissafin 70 da takardun shaida tun Nuwamba, mai yiwuwa da ya tashi ya je ya duba lambar da kansa. Mutanenmu sun saba da roƙo har a wurin da suke da gaskiya, kuma wannan yana ci mini rai, domin wanda ya zo roƙo ana sallamarsa da haƙuri, wanda ya zo da takarda mai hatimi dole a ba shi amsa.

Ƙarar farko ba don yarinyar ba ta da gaskiya ta gaza ba. An gina ta ne a kan zato, aka kai ta kotun da ake iya ja da huruminta, aka kira kuskuren lissafi da sunan nuna bambanci. Akwai kuma abin da ya fi wannan, wato lokaci. Shekarar karatu ba ta jiran kotu. Shari'ar Badejo da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta nuna haka tun tuni: yarinya ce da ta ƙalubalanci bambancin maki tsakanin jihohi a shiga sakandaren tarayya a 1988, maganar ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai 1996, kuma tun a kotun ɗaukaka ƙara aka ce lokaci ya riga ya wuce abin da ake nema. Ihu bayan hari ke nan. Duk da haka ba zan ce kotu ba ta yi amfani a nan ba. Jami'ar ta amsa ne tana sane da cewa akwai lauya mai ƙirga kwanaki, da hukumomi biyu masu jiran bayani a rubuce. Matsayin kotu a irin wannan lamari shi ne ta zo a ƙarshe, bayan an ga lambar, kuma kafin wata uku su cika.

Laifin jami'ar ba na mugunta ba ne, amma laifi ne. Kuskuren suna yana faruwa ko'ina, musamman a nan inda ɗalibi ɗaya zai iya samun suna iri uku a takardu uku. Abin da ba shi da uzuri shi ne a yanke wa yarinya hukunci da lambar da aka ɓoye mata. Da shafin jami'ar yana nuna wa kowane mai nema makinsa gida uku na mako guda kafin a fitar da sunaye, da ita da kanta za ta ga gurbin da babu komai, a gyara shi cikin minti goma. Kuma ba don ita kaɗai kwamfuta ta buɗe jerin waɗanda za a duba da ido ba. Lauyar ta roƙa a wasiƙarta ta ƙarshe a sake duba duk wanda ke cikin wannan jeri, domin wanda ba shi da malamin da zai zo gida ya yi bayani, ya riga ya karɓi canjin kwas ko ya sake sayen fom.

Ya kamata kuma a faɗa cewa nasarar ta rataya ne a kan kujeru ukun da suka rage. Da gurbin ya cika, ko jami'ar ta amsa kuskurenta a rubuce ba za ta iya wuce adadin da aka ƙayyade mata ba, ba za ta kuma kori ɗalibin da ya riga ya yi rajista ba da laifinsa ba. Abin da za a iya nema a lokacin shi ne a ajiye mata gurbi a shekara mai zuwa ko a biya ta diyya, kuma ko wanne aka samu, shekarar karatu ɗaya ta tafi.